Yadda ake kama matsala idan SDCC ta fara wasa da hankalinka a kan Sakhr

Duk wanda ya tashi a Makka ko Jidda ko Madina wajajen ƙarshen shekarun 1980 ya san kwamfutar Sakhr, wadda ake jonawa da talabijin a soka mata katirij. Kamfanin Al Alamiah na Kuwait ne ya kawo ta da Larabci a ciki, amma asalinta MSX ce, tsarin da ASCII na Japan da Microsoft suka fitar a 1983, injinta Z80 mai gudun 3.58 MHz. Har yau idan ka dage da zagaye a haraj, wato kasuwar gwanjo, za ka iya cin karo da Sakhr samfurin AX-170 ko AX-350 cikin tarkace, kuma samarinmu da yawa yanzu sun koma rubuta mata wasanni da yaren C, su haɗa da kwamfaila irin SDCC ko z88dk, wato manhajar da ke mayar da kod ɗin C zuwa yaren da injin ke ji. To nan ake shan wahala, kod ɗinka daidai a ido, ka haɗa ba ƙorafi ko ɗaya, ka kunna sai baƙin allo ko na'urar ta yi ta tashi tana mutuwa. Maganar farko da kowa ke yi ita ce kwamfailar ce ba ta da kyau. Wani lokacin gaskiya ne, amma yawanci matsalar tana daidai inda C ke haɗuwa da na'urar ne, don haka ga yadda nake bi daki-daki.

Na farko, ka san wacce SDCC ce a hannunka

Buga sdcc -v ka rubuta lambar a gefe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daga 4.2.0 da ta fito a 2022 an canza yadda ake miƙa wa fankishin kayansa a Z80. A da komai ta sitak ake turawa, wato wurin ajiyar wucin gadi a RAM, amsa kuma ta dawo a rijistar L ko HL, ƙananan ma'ajiyan da ke cikin Z80 ɗin kansa. Yanzu na farko idan bait ɗaya ne a A yake zuwa, idan biyu ne a HL, amsa kuma a A ko DE. To ka ɗauko wani tsohon laburare daga intanet wanda aka rubuta da asembili, kamar ɗan fankishin buga harafi da ke cewa ld hl,#2 sai add hl,sp sai ld a,(hl) sannan call 0x00A2 (fankishin buga harafi na BIOS, manhajar da ke cikin na'urar), shi yana can yana lalube a sitak alhali harafin na zaune a A tun tuni, ka ce ya rubuta SALAMA ya zubo maka shara shida a allo. Gwaji mai sauƙi, ƙara --sdcccall 0 ka sake haɗa komai. In ya gyaru ka kama ɓarawon. Daga nan ko ka bar shi haka, amma ka sani laburaren da ke zuwa da kwamfailar da sabon tsari aka haɗa shi, ko kuma, wanda na fi so, ka liƙa __sdcccall(0) a jikin tsofaffin fankishin ɗin kaɗai ka bar sauran su ci moriyar sabon, don ya fi sauri kuma ya fi ƙanƙanta.

Na biyu, duba ko firogiram ɗin ya ma tashi

Katirij na MSX dole ya fara da haruffa AB a 0x4000, adireshin farawa kuma a 0x4002. Buɗe fayil ɗin ROM da edita mai nuna heks ka gani da idonka, 41 42 ne a farko ko kuwa? In ba su ba ne na'urar za ta wuce ka ta faɗa BASIC abinta. Sai ka buɗe fayil ɗin .map ka ga inda _CODE da _DATA suka sauka, ya kamata su yi daidai da abin da ka ba --code-loc da --data-loc, misali kod a 0x4020 data a 0xC000. Idan data ta faɗa cikin ROM duk abin da ka rubuta a bariyabul ba zai zauna ba.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowa a nan. Ka rubuta int rai = 3; a waje da fankishin, ka kunna wasa ka ga rai sifili ne ko wata lamba ta hauka. SDCC tana ajiye wannan 3 ɗin a sashen _INITIALIZER cikin ROM, aikin crt0 ne, wato ɗan kod ɗin da ke fara gudu in an kunna firogiram, ya kwafe shi zuwa _INITIALIZED a RAM kafin a kira main, to idan ka sa --no-std-crt0 ka kawo naka crt0 da ba ya wannan kwafi, halas, ba wanda zai yi maka. Nemo gsinit a cikinsa ka ga ko akwai ldir ɗin da ke kwafin, kuma ka tabbata crt0 ɗin shi ne farko a jerin fayilolin da ake haɗawa. Haka kuma in ROM ɗinka 32K ne, BIOS rabin farko kaɗai take buɗe maka, 0x4000 zuwa 0x7FFF, rabin da ke 0x8000 kai za ka buɗe da fankishin BIOS mai suna ENASLT a 0x0024. Alamarsa ita ce komai na tafiya lafiya har ranar da kod ɗin ya girma ya haura 16K, sai a ce ai sabon fankishin ɗin da na ƙara ne ya ɓata, alhali shi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na uku, lissafin da kake yi da kan laftof

A nan int bait biyu ne, iyakarsa 32767. Ka ninka 300 da 200 a cikin int kana jiran 60000, abin da za ka gani -5536 ne, kuma ko ka zuba amsar a long bai hana ba tunda an riga an yi ninkin a ƙaramin mazubi, sai ka mayar da ɗaya daga cikinsu long tun kafin a ninka. Shi kuma char, tun daga 3.6.0 ba shi da alamar ragi sai ka nema, don haka char dx = -1; sannan if (dx < 0) ba zai taɓa zama gaskiya ba, ɗan wasanka ya ƙi tafiya hagu. Rubuta signed char ko int8_t ka huta.

Sai maganar rubutu wadda ta shafe mu musamman. Editanka UTF-8 take ajiyewa, kowane harafin Larabci bait biyu ne, haka ƙ da ɗ da ɓ namu, Sakhr kuwa ba ta san wannan tsarin ba, za ta buga maka alamomi biyu marasa ma'ana a madadin kowanne. Ba laifin kwamfaila. In kana son ƙ ta fito sai ka zana ta da kanka, bait 8, ka zuba a teburin haruffa na VRAM, ma'ajiyar hoton allo, a gurbin wani harafin da ba ka amfani da shi, a SCREEN 1 gurbin yana lambar harafin sau 8.

Na huɗu, abin da ke canzawa a bayan idon kwamfaila

BIOS tana ƙara ɗaya a wani maƙirgi mai suna JIFFY da ke 0xFC9E duk lokacin da allo ya gama zagaye ɗaya. In ka rubuta madaukin jiran ta canza ba ka sa volatile ba, kwamfaila na da haƙƙin ta karanta sau ɗaya ta riƙe a rijista, kai kuma ka zauna jiran gawon shanu. Sa volatile a duk abin da na'ura ke taɓawa ko intarof, wato katsewar da na'ura ke yi wa firogiram don ta yi wani aikinta. Kuma ka tuna wasu MSX sau 50 suke yi a daƙiƙa wasu 60, bit na 7 a adireshin 0x002B ne ke faɗa maka, shi ya sa wasan da ka gwada a injin Japan cikin emuleta zai iya yin nauyi a na gida.

Wanda ya fi cin rai shi ne rijistar IX. SDCC da ita take riƙe inda bariyabul na cikin fankishin suke, shi kuma CALSLT, fankishin BIOS da ke 0x001C, cikin IX ɗin ake ba shi adireshi. Ka kira shi ba ka yi push ix da pop ix ba, kiran zai yi aiki sarai, sai bayan ya dawo bariyabul ɗinka su rikice, wani lokacin ma sai an yi nisa kafin abin ya fashe. Duk inda ka sa asembili a tsakiyar C ka tambayi kanka wace rijista na taɓa.

Na biyar, yana yi a emuleta ba ya yi a ƙarfe

Nan AX-170, wadda MSX1 ce, take tona asiri. Guntun hoton MSX1 ba ya son a yi masa gaggawa, yayin da yake zana allo yana buƙatar tazarar kusan bugu 29 na Z80 tsakanin rubutu da rubutu a fot 0x98. Umarnin OTIR, mai zuba bait a jere, ya fi haka sauri, sai wasu bait su zube ka ga hoton da ɗigo-ɗigo, maganinsa madaukin outi da jp nz wanda yake cika 29 ɗin daidai. Abin haushin shi ne kod ɗin C mai nauyi zai iya yin aiki, ranar da ka kunna --opt-code-speed ya yi sauri sai hoton ya lalace. Sannan adireshin da ake turawa fot 0x99 bait biyu ne a jere, in intarof ya faɗo a tsakaninsu BIOS za ta karanta matsayin guntun ta wargaza lissafin, don haka ka kashe intarof da di kafin, ka kunna da ei bayan. Wannan shi ne irin matsalar da ke zuwa sau ɗaya a minti goma ta sa mutum zargin wayar talabijin. A emuletar openMSX kar ka tsaya kan C-BIOS, madadin BIOS ɗin da take zuwa da shi, zaɓi injin MSX1 na gaske ka gwada, sannan na MSX2.

Na shida, yanzu ne za ka tuhumi kwamfailar

Idan duk waɗannan sun fita, to bismillah. Kwafi aikin gefe ka fara yanke shi, cire rabi ka gwada, in matsalar na nan ka sake cire rabi, har ya rage layi goma ko ashirin da ke nuna ta. Haɗa shi da --no-peep, wato ka kashe mai goge-gogen ƙarshe da ke sauya jerin umarni da gajeru. In ya gyaru ka san unguwar da take. Gwada kuma canza --max-allocs-per-node, asalinsa 3000 ne, ka ɗaga ko ka sauke ka ga ko halin ya canza. Sai ka buɗe fayil ɗin .asm, kar ya ba ka tsoro, SDCC tana saka lambar kowane layin C a matsayin sharhi a saman asembilin da ta fitar masa, ka ajiye na mai aiki da na mara aiki gefe da gefe ka ga inda suka rabu. Ɗauki adireshin fankishin ɗin daga .map ka dasa wurin tsayawa a dibaga ta openMSX, ka bi umarni ɗaya-ɗaya kana kallon rijistoci har ka ga inda lambar ta juya. Amma fa canjin hali don ka kashe gyaran sauri ba hujja ba ce tukuna, bariyabul da ba a ba shi ƙima ba ko rubutu da ya wuce bakin jeri su ma haka suke ɓuya su bayyana.

In kana da z88dk ka haɗa ɗan fayil ɗin da sccz80 ma, kwamfailar da ke cikinta, tunda ita daban aka gina ta, ka ga ko amsa ɗaya za su bayar. Idan ka tabbata asembilin da SDCC ta fitar ya saɓa wa abin da C ɗin ke cewa, gwada sabon fitowa ko na gwaji na kwanan nan don wataƙila an riga an gyara, in ba a gyara ba ka kai rahoto shafinsu na SourceForge da ɗan fayil ɗin, da cikakken umarnin da ka buga, da abin da sdcc -v ta nuna, da layin asembilin da kake zargi. Kafin su amsa, ka ware wannan fankishin ɗin a fayil nasa shi kaɗai ka haɗa shi da --no-peep ko duk saitin da ya yi aiki, sauran wasan kuma ka bar shi yadda yake.