Babi na Shida: Giya da Ɗan da Ke Ciki

Darasi na 1

Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin wannan layi, mu karanta tare, a hankali:

Abin da uwa ta sha, ɗan cikinta ya sha.

Giya tana shiga jinin uwa, ta bi ta mabiyiya da igiyar cibiya ta isa ga ɗan tayi. Hantar babba tana iya tace giya. Ta ɗan tayi kuwa ba ta ƙosa ba, sai giyar ta jima a jikinsa tana taɓa ƙwaƙwalwa. In mun ce giya, muna nufin dukkansu: burukutu, fito, bammi, ogogoro, ta kwalba, ta leda, har da tsimin da aka jiƙa a barasa. Kada wata ta ce burukutu ai dawa ce. Dawa ce da ta zama giya.

Ga tambayar da ke kayar da 'yan aji. Yaushe za a daina sha?

Da yawa sukan ce, "Ran da na san ina da ciki." A'a, 'yar'uwa. Amsar ita ce: tun kafin a samu cikin. Rubuta ta a littafinki: tun kafin a samu cikin.

Ga dalili. Kusan mako 3 da shigar ciki, zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa. Zuwa mako na 4 an kafa tushen ƙwaƙwalwa da lakar baya. A lokacin uwa ta fara lura ne kawai da ɓatan wata, wata ma ba ta lura ba. Wadda ta jira sai awo ya nuna, ta bar makonnin farko a baya.

Sake faɗa da baki: tun kafin a samu cikin. Madalla. In hannu ya gaji, a huta, a sake rubutawa sau uku.

Wadda ta riga ta sha ba da sani ba, kada hankalinta ya tashi. Ta daina yau, ta gaya wa ungozomar asibiti ranar awo. Ƙwaƙwalwa tana girma har watan haihuwa, don haka dainawa na da amfani a kowane wata.

To, yaushe za a daina? Har yanzu ina jin wasu suna cewa "in ciki ya fito." Haba, jama'a! Mun faɗa, mun rubuta, mun maimaita. Maganar rayuwar yaro ake, ku bar hira a bayan aji ku saurara. Tun kafin a samu cikin.

Darasi na 2

A 1968 wani likitan yara a Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana alamomi iri ɗaya a jikin yara 127 da iyayensu ke shan giya sosai. A 1973 likitoci a Amurka suka sa wa matsalar suna. Yaron kan zo da ƙaramin jiki da ƙaramin kai, leɓen sama siriri, kwarin da ke tsakanin hanci da leɓe a shafe. Wani fuskarsa lafiya lau, sai a makaranta a ga mantuwa da rashin natsuwa. Lahanin ba ya warkewa, amma kulawa da wuri tana taimakon yaro. Ba a san wani adadin giya da ba ya cutar da ciki ba, ko da ƙoƙo ɗaya ne.

Darasi na 3

Maigida, da kai ma ake. Ƙwayar maniyyi takan ɗauki fiye da wata 2 kafin ta ƙosa, kuma yawan sha yana rage ingancinta. In kuna neman haihuwa, ka daina wata 3 kafin nan. Kada kuma ka kawo kwalba gida matarka tana ƙoƙarin bari.

Darasi na 4

Aiki: a duba jikin kwalbar magani ko abin sha, a nemi haruffan Alc da alamar %, masu nuna akwai barasa a ciki. In an gani, mai ciki ta ajiye, ta tambayi ma'aikacin asibiti. Wadda jikinta ke rawa in ba ta sha ba, kada ta yanke ita kaɗai, ta je asibiti a taimaka mata.