Yadda Ake Raba Faifan Kwamfuta Don Windows da Linux Su Zauna Tare

Ɗalibai da yawa a nan Yamai suna sha'awar koyon Linux, amma suna tsoron rabuwa da Windows domin a kansa suke yin ayyukan makaranta. Faifai guda yana iya ɗaukar su duka biyun idan aka raba shi da natsuwa.

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai na waje, kuma a tabbata batir ya cika. Ina nanata wannan ne saboda na ga ƙanena yana matsar da ɓangaren faifai a zafin watan Afrilu da kwamfutar da batirinta ya mutu, wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, rubutun kammala karatunsa na shekara guda ya salwanta yana zaune yana kallon baƙin allo.

Daga nan a duba tsarin faifan. Tsohon tsari, MBR, ɓangarori huɗu na asali kawai yake yarda da su, kuma ba ya wuce terabait 2, yayin da GPT, sabon tsarin da yake tafiya da UEFI (manhajar da ke tayar da sababbin kwamfutoci), yake ɗaukar ɓangarori har 128 a Windows. Tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu sukan zo da MBR a cike da huɗun, don haka a lura.

A rage ɓangaren Windows daga cikin Windows ɗin kansa, ta wurin da ake kira Gestion des disques, a zaɓi Réduire le volume. Ubuntu, nau'in Linux ɗin da za a girka, yana neman aƙalla gigabait 25, amma ni nakan ba shi 60. A kashe Démarrage rapide, wato saurin kunnawa na Windows, idan kuma BitLocker, makullin da Windows ke rufe faifai da shi, yana kunne a ajiye mabuɗinsa a takarda tukuna. GParted, wata manhajar raba faifai, kyauta ne kuma ya fi Gestion des disques ƙarfi, sai dai ya fi dacewa da tsara wurin da aka riga aka ware, inda Linux zai zauna a kan ext4, tsarinsa na ajiye fayiloli.

Sai a ɗora Ubuntu a kan kle USB da manhajar Rufus ko Ventoy, a tayar da kwamfuta daga kansa, a zaɓi girkawa kusa da Windows. Kada a goge ƙaramin ɓangaren EFI, domin a cikinsa GRUB zai zauna, wato manhajar da za ta riƙa tambaya wanne za a buɗe a kowane kunnawa.

Bayan an gama, agogon Windows yakan koma baya da awa ɗaya, saboda Linux yana ajiye lokacin UTC, wato agogon duniya, alhali Nijar tana gaba da shi da awa guda. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a cikin Linux yana gyara wannan.