Yadda ake ceto sunan shafin dillanci idan wa'adinsa ya ƙare

Wata Asabar da hantsi ƙanena ya faɗo gidana a Unguwar Rimi, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba ya miƙo min waya. "Yaya, duba min, an yi min kutse." Shafinsa ne da ya shekara biyu yana tallan wayoyi da fitilun sola a kai, duk wanda ya bi ta linkinsa ya yi sayayya kamfani ya ba shi la'ada. Babu hoton kaya ko ɗaya. Farin shafi ne cike da tallan da ba nasa ba, sai ɗan rubutu da Turanci a sama wai wa'adin sunan ya ƙare. Na ce masa ya zauna ya sha ruwa, babu wanda ya yi masa kutse, kuɗin haya ne bai biya ba.

Sunan shafi, wanda ake ce wa domen, ba a sayensa a mallaka. Haya ce ta shekara-shekara, iyakar abin da za ka iya biya gaba a .com shekara 10 ne. Ga mai dillancin intanet kuwa abin ya fi ciwo, domin linkinka ya riga ya watsu a guruf-guruf na WhatsApp, da tsofaffin rubuce-rubucen Facebook, da ƙasan bidiyon TikTok, har da sitikar da ka liƙa a bayan Keke Napep mai zirga-zirga tsakanin Kawo da Kasuwar Gumi. Ranar da sunan ya mutu, duk sun mutu tare, kuma ba mai kiranka ya faɗa maka. Mai saye dai zai wuce wurin wani.

Mataki na farko: gano inda sunan ya tsaya

Kada ka fara da kiran yaron da ya haɗa maka shafin. Buɗe lookup.icann.org, ka rubuta sunan. ICANN ita ce hukumar da ke tsara dokokin sunaye irin su .com da .net da .org. Abu uku za ka nema: kamfanin da aka yi rajista a wurinsa, ranar ƙarewa, da halin da sunan yake ciki.

Akwai tarko a nan da ya ruɗi ƙanena. Ya ga ranar ƙarewa ta nuna baɗi, ya ce ai ga shi an biya. Ba a biya ba. Verisign, kamfanin da ke riƙe da kundin .com, yana ƙara shekara guda da kansa ranar da suna ya ƙare, ya ɗora kuɗin a kan kamfanin rajista. In kai ba ka biya ba, kamfanin ya soke, a mayar masa da kuɗinsa. Don haka halin sunan za ka karanta, ba kwanan wata kaɗai ba.

In ka ga autoRenewPeriod, kana cikin kwanakin alfarma, waɗanda ba sa wuce 45, kuma kamfanoni da yawa ba sa ba da su duka. A nan yawanci kuɗin sabuntawa na yau da kullum za ka biya. In ka ga redemptionPeriod, an riga an goge sunan daga asusunka, amma kana da kwana 30 na fansa. In kuwa pendingDelete ne shi kaɗai, saura kwana 5 a sake shi kasuwa, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi a wannan lokacin.

Kada lissafin kwanakin nan ya sa ka miƙe ƙafa. Manyan kamfanonin rajista irin su GoDaddy suna da gwanjon sunayen da suka ƙare, kuma suna iya sa naka tun kwanakin alfarma ba su cika ba. Sunan da ke da baƙi, irin na mai dillanci, shi ake rububi a kai.

Wanda sunansa ya ƙare da .ng ko .com.ng, wannan lissafin ba nasa ba ne. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen Najeriya da nata ƙa'idojin, sai ka tambayi kamfanin da ka yi rajista a wurinsa ranar nan take.

Mataki na biyu: shiga asusun rajista ka biya

Rubuta adireshin kamfanin da hannunka ka shiga. Kada ka danna linki daga imel mai cewa "saura awa 24 a ƙwace sunanka", domin 'yan damfara suna bibiyar ranakun ƙarewa suna turo takardun bogi masu kama da na gaskiya. Zuwa da kai ya fi saƙo.

A nan ne matsalar yawancin mutanenmu take fitowa fili: ba su da asusun ma. Wani ɗalibi ko mai shagon kwamfuta ne ya haɗa shafin, ya yi rajista da imel ɗinsa da katinsa, yanzu ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi. Haka ta faru da ƙanena. Tun 2013 dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya tura tuni sau biyu kafin ƙarewa, wajen wata guda da wajen mako guda, sannan ya ƙara ɗaya cikin kwana 5 bayan ta ƙare. An tura duka ukun, amma akwatin wani suka shiga. Kayan aro ba ya rufe katara. In wannan ne halinka, nemo mutumin ko ta wurin iyayensa ne, ka ba shi kuɗi ya sabunta a gabanka, sannan ya tura sunan zuwa asusun da ka buɗe da kanka. Idan ya ɓace ɗungum, rubuta wa sashen taimako na kamfanin, ka haɗa da katin shaida da rasiɗin biyan baya. Sai dai in sunanka bai fito a rajistar ba ko kaɗan, da wuya su saurare ka, gara ka san wannan tun yanzu.

Sai batun kati. Mutane da yawa sun kunna sabuntawa ta kai-tsaye suka kwanta, ba su san katin ya daina aiki ba. Ko wa'adin katin ya ƙare an ba su sabo, ko babu kuɗi ranar da aka zo cira, ko banki ya hana biyan dala. Masu shafi ba za su manta 2022 ba, lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya. A 2025 wasu bankunan sun sake buɗewa, amma kowanne da iyakarsa. In katinka ya ƙi, gwada katin asusun dala, ko katin dala na manhaja, ko ka roƙi ɗan'uwa amintacce ya biya da nasa sau ɗaya ka cire katin daga asusun.

Game da farashi: kuɗin sarin .com a wurin Verisign ya zama dala 10.26 a Satumban 2024, kamfanoni su ɗora ribarsu a kai. Fansa kuwa wata magana ce, a kamfanoni da yawa dala 80 ce zuwa sama, ban da kuɗin shekarar. A ganina in shafin yana kawo la'adar da ta kai wannan a wata biyu ko uku, biya kawai, kada ka tsaya jiran a sake shi ka saya da araha. Masu farautar sunaye suna da na'urorin da ke cafkewa cikin daƙiƙa, kai da kake fama da netiwok a Rigasa ba za ka riga su ba.

Shekarar da ka biya daga tsohuwar ranar ƙarewa take farawa, ba daga ranar biya ba. Ka lura da wannan wajen sa tuni.

Mataki na uku: tabbatar shafin ya dawo da gaske

Biya ba shi ne ƙarshe ba. Lokacin da sunan ya ƙare, kamfanin ya karkatar da shi zuwa wancan farin shafin. Yawanci yana mayarwa da kansa, amma shiga saitin DNS, wato inda ake nuna wa sunan inda shafin yake, ka duba cewa adireshin masaukin shafinka, wato kamfanin da ke ajiye maka shafin, shi ne a wurin. Yana iya ɗaukar awanni, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya bayyana ko'ina. Gwada da datar waya, ka gwada da layin wani kamfanin daban. In burauza ta nuna gargaɗin rashin tsaro, mai yiwuwa takardar tsaron shafin ce, wadda ke sa alamar kwaɗo a burauza, ta ƙare. Ta Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba da irin wannan takarda, ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta iya sabunta kanta in sunan yana kwance, sai ka sake fitar da ita daga wurin masauki. Kuɗin masauki kuma daban yake da na suna, duba shi ma kada ka gyara ƙofa ɗaki ya rushe.

Mataki na huɗu: asusun dillancin kansa

Wannan ne wurin da kuɗi yake, kuma shi aka fi mantawa. Da wane imel ka yi rajistar shirin dillancin? In imel ne mai ɗauke da sunan shafinka, to tun ranar da sunan ya ƙare saƙonni sun daina shigowa. Mafi muni, in wani ya saye sunan, zai iya buɗe imel iri ɗaya sak, ya danna "na manta kalmar sirri", ya shiga asusunka ya canza lambar bankin da ake tura la'ada. Saboda haka tun kafin ka gama da batun sabuntawa, shiga ka mayar da imel ɗin zuwa Gmail ko wani da bai rataya a wuyan shafin ba. Yi haka a asusun rajista, da masauki, da Facebook, da duk inda ka yi amfani da shi. Kunna tantancewa ta mataki biyu.

Daga nan ka rubuta wa masu shirin gajeren bayani: shafina ya tsaya daga ranar kaza zuwa kaza saboda sabunta suna, yanzu ya dawo. Shirye-shirye irin su Amazon Associates suna buƙatar ka lissafa shafukan da kake sa linkinsu, kuma suna dubawa. Gara su ji daga bakinka da su tarar da shafin da babu kowa. Cinikin da aka rasa a kwanakin kuwa ka yafe shi, babu wanda ya danna balle a rubuta maka.

Wani lokacin laifin ba naka ba ne, sunan kamfanin da kake yi wa dillanci ne ya ƙare, ko adireshin da suke ƙirga dannawa da shi. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke wannan sakaci ba. A Disambar 1999 Microsoft ta bar passport.com ya ƙare, masu imel ɗin Hotmail suka kasa shiga, sai wani mutum can daban ya biya mata dala 35. Alamar ita ce shafinka lafiya lau amma linkin kaya ba ya buɗewa. Duba sunansu a wurin da na ambata, ka ɗauki hoton allon da ke nuna la'adar da kake bi da kwanan wata, ka sanar da su, ka dakatar da duk tallan da kake biya wa kuɗi. Kamfanin da ya yi mako bai farfaɗo da sunansa ba, ni dai ba zan ci gaba da tura masa mutane ba. Dabarar da ke rage wahala ita ce kowane linkin kamfani ka ɓoye shi bayan gajeren adireshi na shafinka, ta yadda in ka canza kamfani wuri ɗaya za ka gyara.

In sunan ya riga ya kuɓuce

Cire shi nan take daga jerin shafukanka a shirin dillanci, domin masu sayen irin waɗannan sunaye sukan cika su da tallan caca ko batsa, kada a jingina maka. Sanar da mabiyanka cewa tsohon adireshin ba naka ba ne. Rubuce-rubucenka suna nan a masauki in ka biya shi, in kuma babu, duba Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, ko ta adana wasu. Kana iya taya sunan a wurin sabon mai shi, amma kada ka nuna zaƙuwa, kamar cinikin rago ne ana gobe Sallah. Ƙarar da ake kaiwa WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, don ƙwato suna ta masu tambarin kasuwanci ce, kuɗin shigar da ita ma dala 1,500 ne.

Su kuma masu sha'awar sayen tsofaffin sunayen wasu don su hau kan farin jininsu a Google, tun Maris 2024 Google ya sa wannan cikin abubuwan da yake hukuntawa in an cika sunan da tarkacen da ba shi da alaƙa da asalinsa.

Abin da muka yi a ranar

Sunan ƙanena kwana 11 ya yi da ƙarewa, yana cikin alfarma. Bayan la'asar muka samu yaron da ya haɗa shafin a Tudun Wada, ya shiga asusun a gabanmu, muka biya shekara biyu, ya tura sunan zuwa sabon asusun da ƙanena ya buɗe da nasa Gmail. Muka kunna makullin hana canja kamfani, muka sa kati na biyu a ajiye, muka sa tuni a kalandar waya wata biyu kafin ranar, wani kuma a wayar matarsa. Ƙanena ya ce zai mayar da rajistar zuwa kamfanin gida mai karɓar naira ta taransifa, na ce ya bari kwana 60 su wuce tukuna, domin canza bayanan mai suna yakan jawo kulle na tsawon haka, sannan ya nemi lambar izinin canji daga tsohon kamfanin. Shafin ya buɗe a wayata wajen ƙarfe tara na dare, a tasa kuwa sai da gari ya waye.