Yadda ake tsai da shawarar buɗe makarantu a lokacin kullen annoba

Ranar 19 ga Maris 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantun Najeriya saboda korona, mako uku bayan an samu mutum na farko da ya kamu a Legas. 'Yan ajin ƙarshe ne suka fara komawa ranar 4 ga Agusta domin jarrabawar WAEC da aka soma ranar 17 ga watan, yawancin sauran yara kuwa sai daga Oktoba. Nijar ta mayar da ɗalibanta aji tun 1 ga Yuni. Yuganda ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai 10 ga Janairun 2022. Cutar ɗaya ce, amma wani yaro wata biyu da 'yan kwanaki ya yi a gida, wani kusan shekara biyu. Wannan bayani na waɗanda shawarar za ta sake faɗowa a kansu ne: sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, hedimasta, mai makarantar kuɗi, malamin Islamiyya, da kwamitin iyaye da malamai.

A fara sanin cutar

Kafin a yi maganar rana, a nemi amsar abu biyu daga jami'an lafiya: yaya cutar take yi wa yara, kuma ta wace hanya take yaɗuwa. Korona ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, ƙananan yara kuwa galibi da sauƙi take zo musu, kuma numfashi take bi, musamman a ɗaki rufaffe mai cunkoso. Ebola ta hanyar taɓa jini da sauran ruwan jikin mara lafiya ake ɗaukarta, don haka wanke hannu da auna zafin jiki ne kan gaba. Sabuwar mura mai tsanani da ƙyanda kuwa a tsakanin yara suka fi gudu. In cutar tana kashe yara, lissafin da ke ƙasa bai isa ba, sai a jinkirta. Sauran bayanin ya ɗauka cuta ce irin korona.

Alƙaluman da za a duba

Ma'aunin sassauta kulle da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a watan Mayun 2020 shi ne, cikin kowane mutum 100 da aka gwada, waɗanda aka samu da cutar su kasance ƙasa da 5, kuma a yi kwana 14 a jere a haka. Ma'auni ne mai kyau inda ake gwaji da yawa. A ƙaramar hukumar da aka gwada mutum goma sha biyu a wata, ba ya nuna komai. A irin wannan wuri sai a haɗa da abin da ido ke gani: masu zuwa asibiti da tari da sarƙewar numfashi suna ƙaruwa ko raguwa daga mako zuwa mako, akwai gado da iskar oksijin ko babu, gawa nawa ake kaiwa maƙabarta in an kwatanta da bara war haka. A Kano, cikin Afrilun 2020, masu haƙa kabari na cikin waɗanda suka fara lura mutuwa ta yi yawa, tun kafin alƙaluman gwaji su kamo su.

A duba hali ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Babu dalilin da zai sa a riƙe yaran ƙauyen da ba a ga cutar ba saboda abin da ke faruwa a babban birnin jiha, kilomita 200 daga gare su.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar likita. In an buɗe kasuwa da tashar mota, ana ɗaurin aure ana cika masallacin Juma'a, to yaran ba a kulle suke ba, suna can cikin kasuwar da farantin talla a ka. Barin makaranta a rufe a irin wannan hali bai kare kowa ba, karatun kawai aka kashe. A ganinmu makaranta ce ya kamata ta zama ta ƙarshen rufewa, ta farkon buɗewa.

Dalili shi ne zaman gida ma yana da nasa ciwon, sai dai ba a sanar da shi kullum da dare kamar alƙaluman cuta. Saliyo ta rufe makarantu kusan wata tara lokacin Ebola, sai Afrilun 2015 aka buɗe, dubban 'yan mata kuma suka yi ciki a tsakanin. A wurinmu yarinyar da ta kai shekara goma sha huɗu in ta daɗe a gida maganar aure ce ke tasowa, yaro kuma ya kama gona ko sana'a ya saba da kuɗi a aljihu. Darussan rediyo da jihohi irin su Kano da Kaduna suka yi sun taimaki wanda ya riga ya iya karatu. Ɗan aji ɗaya bai koyon riƙe fensir daga rediyo.

Su wa za su fara komawa

Denmak ta fara da ƙanana ranar 15 ga Afrilun 2020, a rukuni-rukuni, darasi da yawa a waje. Najeriya da Ghana sun fara da masu jarrabawa. Kowanne da hujjarsa, amma kada jarrabawa ta sa a manta 'yan firamare ɗaya zuwa uku. Su ne cutar ta fi yi wa sauƙi, su ne suka fi saurin manta abin da suka koya, kuma yawancinsu a ƙafa suke zuwa daga unguwa, ba sa cusuwa a a-daidaita-sahu. Ya kamata matakin farko ya haɗa su da masu jarrabawa. A bar mako biyu cur kafin mataki na gaba, domin korona kan kai kwana 14 kafin ta bayyana a jiki. Wanda ya ƙara azuzuwa bayan kwana huɗu don ya ga shiru, bai ga komai ba tukuna.

Aji, iska da cunkoso

Nan ne mafi yawan aikin yake. A ɗauki tef a auna kowane aji. Ajin mita 7 faɗi da mita 8 tsawo, in an cire mita 2 na gaban allo domin malam, zai ɗauki yara kamar 25 da tazarar mita 1, wato layi biyar na mutum biyar. Da tazarar mita 2 da ƙa'idojin gwamnatin tarayya na 2020 suka nema, abin bai wuce 12 zuwa 16 ba. Ajin da ke da yara 90 a rajista ba zai taɓa cika wannan sharaɗi a zama ɗaya ba, kuma hedimastan da ya sa hannu cewa ya cika, kansa ya yaudara. A raba ajin: rukunin safe daga 8 zuwa 11, na rana daga 11:30 zuwa 2:30, ko wasu Litinin da Laraba wasu Talata da Alhamis. A mayar da wani rukuni gindin bishiya ko rumfa da tabarmi da allon jingina, domin darasi a fili ya fi kowane aji aminci. A shata wurin zaman kowa da alli ko fenti.

Kowane rukuni ya tsaya shi kaɗai: malaminsa, ƙofarsa, lokacin tararsa. Amfanin haka yana fitowa ranar da wani ya kamu, sai a sallami yara 25 maimakon 600. A dakatar da taron safe, ƙwallo tsakanin azuzuwa, da cincirindon masu awara da ɗanwake a bakin ƙofa. Masu abincin ba korarsu za a yi ba, a ba kowacce wuri nesa da 'yar'uwarta, aji ɗaya ya fito a lokaci guda.

Tagogin ɓangarori biyu da ƙofa su kasance a buɗe daga farkon darasi har tashi. Tagar da aka kafe da ƙusa ko aka toshe da kwano saboda ɓarayi, a ɓalle ta kafin ranar buɗewa. Abin da ya faru a Isra'ila ya isa darasi. An buɗe makarantu gaba ɗaya ranar 17 ga Mayun 2020, sai aka yi zafi mai tsanani, aka ɗage wa ɗalibai sa takunkumi na kwana uku, aka bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba tsayawa a azuzuwa masu ɗalibai 35 zuwa 38. Kwana goma da buɗewa cutar ta ɓarke a wata sakandare a Birnin Ƙudus, ɗalibai 153 da ma'aikata 25 suka kamu. A wurinmu irin wannan haɗari da hunturu yake zuwa, lokacin da sanyi da ƙura ke sa malam ya ce a rufe taga. A ce yara su zo da rigar sanyi, a ɗan jinkirta shiga aji zuwa hantsi, taga dai ta zauna a buɗe.

Ruwa, sabulu da abin da ba ya bukatar kuɗi

Yaro ɗaya na cin kusan rabin minti a wurin wanke hannu. Yara 300 a bokiti ɗaya mai famfo awa biyu da rabi ke nan, layin kuma shi kansa cunkoso ne. Da bokiti goma minti 15 ya isa. A sa ɗaya a ƙofar kowane aji, ɗaya a bakin banɗaki, da roba a ƙasa mai tarar ruwan. A yi lissafin lita 2 ga kowane yaro a rana, wato jarka 24 masu lita 25 ga yara 300, a kuma san wanda zai biya mai ruwa tun kafin a buɗe. Sau da yawa bokitan ba fashewa suke yi ba, ruwa ne yake daina shiga cikinsu. Sabulun sanda yakan ɓace, don haka a zuba giram 30 na omo a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a ɗaure ta da igiya. Moɗa ɗaya a kan randa ta daina zagayawa, kowa ya zo da gorarsa.

Don goge benci, mariƙin ƙofa da banɗaki, a duba ƙarfin sinadarin kulorin a jikin kwalbar bilic. In kashi 3.5 cikin ɗari ne, kamar yadda aka saba gani a Hypo da Jik, awo ɗaya ake zubawa cikin awo 34 na ruwa, wato kusan mililita 300 a lita 10. A fara goge datti da ruwan omo, domin datti na kashe ƙarfin kulorin, sannan a shafa a bar shi aƙalla minti ɗaya. Sabo ake haɗawa kullum, ba a gauraya shi da wani sinadari, ba a ajiye shi a rana ko inda yara za su kai hannu.

Feshin makarantar da ta yi wata biyar babu kowa a cikinta ɓarnar kuɗi ce, ƙwayar korona ba ta daɗewa haka a jikin bango. Fesa wa yara sinadari a bakin ƙofa kuwa cutarwa ce ga ido da huhu. Abin da rufaffiyar makaranta ke tarawa shi ne ciyawa, macizai, masai da ya cika, rufin da iska ta yaye, da ɓeraye a ɗakin ajiyar abinci, waɗanda ke kawo zazzaɓin Lassa. Kuɗin feshi can ya kamata ya tafi.

Takunkumi: ɗan shekara 5 zuwa ƙasa ba a sa masa, daga 12 zuwa sama kamar manya, na tsakani kuma gwargwadon yaɗuwar cutar a yankin. Na yadi mai ninki uku da telan unguwa zai ɗinka ya wadatar, kowane yaro biyu, ana wanke ɗaya. Ma'aunin zafi na goshi yana yin ƙarya ga yaron da ya sha rana, a bar shi ya huta minti biyar a inuwa a sake aunawa. Kada a dogara da shi, yara da yawa na ɗauke da cutar ba zazzaɓi.

Malamai sun fi ɗalibai shiga haɗari. Wanda ya haura shekara 60, mai suga, mai hawan jini, mai juna biyu, a ba shi aikin duba takardu ko darasi a fili, in riga-kafi ya samu kuma su ne a gaba. Ofishin malamai, inda ake cire takunkumi a sha shayi a yi hira, ya fi aji haɗari.

Makarantun kwana da tsangayu

Su ne ƙarshen buɗewa, domin yaran daga garuruwa daban-daban suke, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. A karɓe su kashi-kashi, kowane ɗaki ya yi kwana 14 bai cuɗanya da wani ba, a raba gadaje mita 1, kan wannan wajen ƙafar wancan, a soke ranar ziyara. In cuta ta ɓulla a ciki, kuskure mafi muni shi ne a zuba yara a mota a watsa su gidajensu. An ga haka a 2020 da jihohin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka gwada wasu bayan isarsu aka same su da cutar. Hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka ya dace da wannan hali, kuma iyaye sukan saurara in liman ne ya tuna musu.

Ranar da wani ya kamu

A rubuta dokar wannan rana tun kafin a buɗe, a karanta wa iyaye a gaban mai unguwa, domin jita-jita ita ke kwashe yara daga makaranta cikin awa ɗaya. A ware ɗaki mai taga, da malami ɗaya da ke riƙe da lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Yaron da ya nuna alama a sa masa takunkumi, a kai shi ɗakin, a kira iyaye da jami'in. In gwaji ya tabbatar, shi zai yi aƙalla kwana 10 a gida har ya warware, rukuninsa kwana 14, sauran makaranta ta ci gaba. In aka samu masu cutar a rukuni biyu ko uku da ba su haɗa hanya ba, alama ce tana yawo a cikin makarantar, sai a rufe na mako biyu, a faɗi ranar dawowa a cikin sanarwar rufewar. Ba a bayyana sunan yaron, ba a kuma rage wa malamin da ya kwanta albashi, in ba haka ba na gaba zai ɓoye tarinsa ya shigo aji.

Mako biyu bayan buɗewa a ɗauko rajistar kafin kulle a jera ta da ta yanzu, a fitar da sunan duk wanda bai dawo ba, maza daban mata daban. Malama ɗaya da wata dattijuwa daga kwamitin iyaye su shiga gidajen 'yan matan, mai unguwa ya yi magana da iyaye maza, a kuma ɗage kuɗin makaranta da sharaɗin sabon yunifom na wannan zangon. Waɗanda suka dawo kada a ɗora musu daga inda manhaja ta ce. A ba kowane yaro gajeren sakin layi ya karanta da lissafi biyar, a raba su bisa abin da suka iya, a ware awa ɗaya kullum na mako shida zuwa takwas ga karatu da lissafi kaɗai kafin a koma kan manhaja.