Yadda na gyara: baƙi da yawa, kwamisho shiru

Shafina na wayoyi yana samun baƙi, amma ba mai saye ta mahaɗin (link) Jumia, kasuwar intanet da ke ba ni kwamisho idan an saya ta hanyata. Da na duba Google Search Console, manhajar da ke nuna kalmomin da mutane suka nema a Google har suka iso shafi, sai na ga yawancinsu masu neman sani ne, irin masu tambayar "menene RAM". Mai wannan tambaya bai shirya cire kuɗi ba.

Na koma kan kalmomin mai niyyar saye: "farashin Tecno Spark a Abuja", "Tecno ko Infinix, wanne ya fi". Wanda ya rubuta sunan waya da farashi hannunsa na aljihu, wataƙila ma da kuɗin Banex, kasuwar wayoyi a Abuja, yake kwatantawa. Kowace kalma na ware mata shafinta, mahaɗin Jumia a sama, ba can ƙasa ba. Baƙi sun ragu, masu dannawa sun ƙaru. Farashin dai sai an sabunta shi duk mako, saurin tsufa gare shi.