Yadda Ake Zaɓen Takarda Don Buga Littafin Wasanni Mai Launi

Yawancin masu buga littafin wasa karo na farko, ko na dokokin dara da oware ne, ko na wasan da suka ƙirƙiro da kansu, suna shiga Accra New Town, unguwar masu injin buga takardu a Accra, da abu ɗaya a rai, wato takarda mai ƙyalli, wadda ake kira gulos. A ganinsu ita ke nuna littafi ya yi tsada. Ita kuwa ke ɓata musu aiki. Littafin wasa a kan benci ake shimfiɗa shi da dare, ƙarƙashin ƙwan lantarki, mutum huɗu na leƙen shafi ɗaya, wani kuma na rubuta maki da fensir. Gulos tana mayar da haske cikin ido, fensir ba ya kama ta, tawadar biro kuma da an goga ta shafe.

Don haka fara da raba shafukanka gida biyu. Masu zanen allon wasa da hotuna ka sa su a takardar mat, wato mai santsi marar ƙyalli, mai nauyin gsm 115 zuwa 130 (gsm shi ne nauyin murabba'in mita ɗaya na takarda a giram). Shafukan rubuta maki kuma ka tara su a ƙarshen littafi, guda 8 ko 16, a buga su a takardar bon, wato takardar rubutu ta yau da kullum, ta gsm 100. Kada ka yarda da bon ta gsm 70 ko 80 don launi, ko da an rage maka kuɗi, domin zanen bayan shafi zai riƙa leƙowa ta gaba.

Kada kuma ka zarce. Falle ɗaya na A4 kashi ɗaya ne cikin 16 na murabba'in mita, saboda haka littafi mai shafi 200 a gsm 130 zai kai wajen giram 810, a gsm 170 kuwa ya haura kilo ɗaya. Wanda zai aika kwali-kwali zuwa Kumasi ko Tamale a mota, a aljihunsa zai ji bambancin.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen gwaji. Mutum ya ga launi ya yi kyau a fuskar kwamfuta, ya biya kuɗi, sai ranar karɓa ya tarar da kore mai duhu da shuɗi mai duhu sun kusa zama abu ɗaya. A littafin wasa wannan babbar asara ce, tunda da launi ake bambanta gidan wannan ɗan wasa da na wancan. Dalili kuwa kwamfuta da haske take nuna launi, inji kuma da tawada huɗu yake haɗa shi, wato shuɗi, ja, rawaya da baƙi, waɗanda ake kira CMYK, sannan bon tana shan tawada har ɗigo ya baje, komai ya ƙara duhu. To ka zaɓi shafin da ya fi kowanne duhu, ka ce wa mai injin: “Maigida, a buga mini wannan gaba da baya, a kan ainihin takardar da za a yi aikin, kuma a injin da za a yi aikin.” Biya kuɗin gwajin ba tare da ciniki ba. Ka kai shi gida ya kwana, ka duba shi da rana, ka sake dubawa a hasken ƙwai. Ɗaga shi sama ka ga ko bayan yana fitowa. Murza wurin baƙin da babban yatsa mai ɗan damshi, don mat tana saurin gogewa idan tawada ba ta bushe sosai ba. Jimillar tawadun huɗu a wuri ɗaya, kowacce iyakarta kashi 100, kada ta wuce kashi 300 a mat, ko 260 a bon, ƙananan rubutu kuma a yi su da baƙar tawada zalla, in ba haka ba haruffa za su fito da inuwa.

Tambayi jijiyar takardar ma, wato inda zaruruwan cikinta suka fuskanta. Lanƙwasa falle ta tsawo, sannan ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin bi, nan jijiyar ta miƙe, kuma dole ta bi tsawon ƙashin bayan littafi. Idan ta gitta, damshin teku na Accra zai sa shafuka su yi tudu da kwari, hunturu ya zo ya bankaɗe bango.

Sauran ba wuya. Bango kati na gsm 300, a lulluɓe shi da leda marar ƙyalli. Ƙasa da shafi 48 a ɗinke da waya, fiye da haka a ɗinke da zare, domin gam na yau da kullum ba ya riƙe mat, kuma littafin wasa danne shi ake yi ya kwanta. Bar milimita 3 na launi ya wuce bakin yanka. In kwafi ɗari ko biyu kake so, injin dijital ya ishe ka, babban injin da ke bugawa da faranti sai aikin ya yi yawa.