Yadda ake gano ciwon motar gudu ta hannu kafin a fara zuba mata kuɗi

Na sha ganin matashi a garin nan na Kano ya sayi motar gudu mai ƙofa biyu, BMW ko Nissan 350Z ko Mustang, sati biyu ana jin kukanta a Zoo Road da titin Audu Baƙo, sati na uku tana gareji an lulluɓe ta da tamfol. Labarin kusan iri ɗaya ne. Fitilar inji ta kama, bakanike ya kasa kunne ya ce fulogi ne, a sayo. Ba ta daina ba, ya ce kwayil ne. Sai nozul, sai famfon mai. Kafin mai mota ya ankara ya yi sawu biyar a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, ciwon kuma yana nan inda yake. Ni ma na bi ta nan, don haka dokata ta farko ita ce kada ka sayi ko noti ɗaya sai an nuna maka hujjar cewa shi ne ya lalace.

Ranar da ka karɓi mukulli, ka danne zuciyarka, kada ka hau baifas gwada gudu. Fara da lambar jikin motar, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Saka ta a intanet. Yawancin irin waɗannan motoci daga gwanjon Amurka suke fitowa, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan, za ka ga inda aka buge ta kafin mai gyaran jiki ya shafe. Daga nan ka ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai. In akwai tsatsa ko busasshen laka, motar ta sha ambaliya, kuma rabin abin da za ta riƙa yi maka aikin mai waya ne, ba na bakanike ba.

Sai sikana, na’urar da ke karanto lambobin ciwo daga kwamfutar mota. Ramin da ake jona ta yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16, kuma duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da shi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a bar mai sikana ya goge lambobin. Zai ce maka, “Alhaji, ai na kashe wutar.” Wutar ya kashe, ciwon bai taɓa ba, ya kuma share maka shaida. Ɗauki hoton kowace lamba da wayarka tukuna. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta cin wuta daidai. P0171 iska ta fi mai yawa, galibi wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya. P0420 kuwa sai ka leƙa salansa, don ba mamaki an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da ake kira indomi tun kafin motar ta zo hannunka. In sikana ba ta nuna komai ba amma ta ce gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, to an goge lambobin kwanan nan, ko an cire batir. Tambayi dillali dalili.

Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. In ta ce silinda ta ɗaya, ka sa a musanya kwayil ɗinta da na silinda ta biyu, a tayar, a sake karantawa. In ciwon ya koma ta biyu, kwayil ne, ɗaya za ka saya, ba shida ba. In bai motsa ba, a yi haka da fulogi. Minti ashirin ne, kuma kyauta.

Yanzu ga inda na ƙone, kuma nan nake so ka fi natsuwa: ruwan inji.

Tawa ƙirar Jamus ce. A watan Afrilu na saye ta, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Na ga ruwa yana raguwa kaɗan-kaɗan, na kai wa wani bakanike a unguwarmu. Ya ce, “Yallaɓai, tamostat ne, na ƙasar sanyi ne, a nan cire shi muke yi.” Ya cire, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika da ruwan rijiyar burtsatse. Ban musa ba, don haka na ga ana yi wa kowa. Yoyon kuwa ba a neme shi ba sam. Kwana tara bayan nan, a hanyar Wudil, hayaƙi fari ya turnuƙe bayana. Kan silinda ya lanƙwashe. Abin da tiyo ɗaya da murfi zai gyara ya koma sauke kan inji, motar ta yi wata biyu a kwance.

Ga yadda ya kamata a bi. Da sassafe, inji da sanyi, ka buɗe robar ruwa ka ga matakinsa da launinsa. Kada ka taɓa buɗe ta da zafi, tururin yana sale fata. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar kunu a jikinsa, ruwa na iya haɗuwa da mai. Matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi tauri kamar itace ko ya kumbura ya gama aiki. Ka dubi gefen lagireto da robar ruwan, domin na roba ne, kuma bayan shekara goma sha biyar suna tsagewa kamar gashi, sai dai ka ga farin busasshen sawu inda ruwa ya bi.

Sannan a yi gwaji biyu da yawancin gareji ba sa yi sai ka matsa. Na farko, famfon gwajin yoyo: a ɗaura shi a bakin robar ruwa ko na lagireto, gwargwadon motar, a hura, a zuba wa allurar ido minti goma sha biyar. In tana sauka, akwai inda yake zuba, ko da ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Na biyu, ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a wannan bakin yayin da inji yake aiki. In ya juya ruwan ɗorawa, hayaƙin inji yana shiga ruwa, wato tof gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya tafi. Garejin da ba shi da waɗannan biyun, ni dai ba na barin motar gudu a cikinsa.

Tamostat kuwa, mai daidaita zafin ruwan inji, a bar shi a wurinsa. In an riga an cire, a mayar da sabo. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90 zuwa sama. In ya zauna da sanyi, kwamfutar motar za ta yi ta ƙara mai, fulogi su yi baƙi, sikana ta fara kawo P0128. Ruwan burtsatse kuma yana tara gishiri ya toshe lagireto. Sayi ruwan lagireto irin wanda littafin motar ya ce, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Na san ya fi tsada, amma bai kai kuɗin goge kan silinda a daidaita shi ba.

Bayan an cika, dole a fitar da iska, kuma kowace mota da tsarinta. 350Z tana da wurin fitar da iska a tiyon hita can bayan inji, in aka manta da shi za ta yi ta tafasa alhali komai sabo ne. BMW masu injin N52, irin 328i, famfon ruwansu na lantarki ne: a kunna mukulli ba tare da tayar da inji ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a mafi ƙanƙanta, a taka totur har ƙasa daƙiƙa 10, famfon zai yi ta aiki da kansa wajen minti 12. A jona caja a batir kafin a fara. Wasu daga cikinsu ma ba su da allurar zafin ruwa a dashbod, don haka ka sayi ƙaramar sikana mai haɗuwa da waya, ka riƙa ganin zafin da idonka a cunkoson Ƙofar Nasarawa.

Sauran ba su da wuya. Juye baƙin mai ko da dillali ya rantse jiya aka canza, ka zuba wanda aka rubuta, galibi 5W-30 ko 5W-40, ba 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota ba. Matatar iska sabuwa, kuma da hunturu ka riƙa duba ta duk wata saboda ƙura. Man burki a sauya shi gaba ɗaya, ba ciko ba. Taya ka karanta lambobi huɗu na gefenta: 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kuma duk kyan zanenta, wadda ta haura shekara shida ba ta gudu ba ce a kwaltar Kano. A ɗaga motar a leƙa ƙasa, don gajeru ne, tudun rage gudu na cikin unguwanni yana fasa musu kaskon mai. Fetur kuwa a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ban da na ’yan bumburutu.

In an gama, yanzu ne za a goge lambobin. Yi kwana uku kana yawo cikin gari da esi a kunne, kana duba ruwa kowace safiya. Sai ka yi tafiya ɗaya zuwa Kwanar Ɗangora ka dawo, ka sake jona sikana. Lambar da ta dawo ita ce ta gaskiya, da ita za ka tafi Ƙofar Ruwa, tare da tsohon kayan a leda don a gwada lambar jikinsa da ta sabon.